Kawu Haliru Kafintan Jirgi da Sunan da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata sha tara ga watan Sha'aban, daidai da sha takwas ga Fabrairun 2025, Allah Ya yi wa kawuna Malam Haliru, kafintan jirgin ruwa na bakin gulbin Lolo, rasuwa. Da safe ne, hantsi bai ko ɗaga ba. Na je da babur ɗina don in kai shi kotu a Bagudo, na same shi ya riga ya shirya: farar rigarsa ta Juma'a, hularsa, da baƙar ledar takardun nan da ba ta rabuwa da hammatarsa. Har na tayar da babur sai ya ɗaga mini hannu ya ce in dakata, ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya zauna a kan wani katako da ya fere jiya, ya jingina da cikin jirgin da yake gyara. Muka ɗauke shi muka nufi asibitin gari, kafin mu kai ƙofa rai ya yi halinsa. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Masu zuwa gaisuwa da yawa sun ja ni gefe suna tambaya, wai shari'ar me Malam Haliru yake yi, da wa yake rigima har da zuwa kotu? Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, duk da alƙalami ba sana'ata ba ce. Kawu bai da rigima da kowa. Zan faɗi abin da ya kai shi, amma bari in fara da shi kansa.

Kawu, ina ɗan shekara tara mahaifina ya rasu, ka zo ka kama hannuna ka kai ni gidanka, ba ka tambayi kowa ba. Ka so ka koya mini aikin katako. Shekara uku ina lanƙwasa maka ƙusoshi, kana tsince su kana miƙar da su a kan dutse ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da ka haƙura dariya ka yi, ka ce, “Mudassiru, ƙusa na ganinka take durƙusawa, tahi ka nemi abin da ke jin maganarka.” Haka na koma kabu-kabu, kuma ranar da na fara hawa kai ne fasinjana na farko, ka riƙe kafaɗata kamar mai tsallaka gulbi da damina.

Ban taɓa ganin ka ɓoye ruɓaɓɓen katako a ƙarƙashin kwalta ba. Akwai wani ɗan kasuwa daga Kamba da ya kawo jirginsa ana gobe kasuwar Lolo, yana sauri. Ka ƙwanƙwasa gindin jirgin da ƙotar guduma, ka ce katako biyu sun mutu, sai an cire su. Ya ce ka shafa kwalta kawai, bayan kasuwa a yi gyaran. Ka ce masa kwalta tana rufe ruɓa, amma gulbi ba shi da kunya, a tsakiyar ruwa yake tona ta. Ya ja jirginsa ya tafi yana faɗa, kai kuwa ka koma kan aikinka.

Guntayen katakon da suka rage maka ba ka ƙona su. Rumfar da Ummu Salma mai koko take zama a bakin gulbi, da su ka kafa mata bayan mijinta ya rasu. Kujerar tsugunno, ƙofar ɗaki da ta ɓalle, allon yara, duk unguwarmu babu gidan da babu aikin hannunka a ciki. Shekarar babbar ambaliya, 2020, kwana uku kana cikin jirgi kana kwashe mutane da awakinsu daga tungayen da ruwa ya ci. Ka dawo ka tarar ɗakinka ya zauna, akwatin ƙarfenka cike da laka. Takardun da ke ciki sun zama kunu. Ka duba, ka ce alhamdu lillahi rai ya fita, ka juye akwatin ka shanya shi a rana. Babu wanda ya san cewa a cikin lakar nan akwai takarda ɗaya da za ta wahalar da kai har ranarka ta ƙarshe.

Sai abokinka Cindo, Basarke masunci, wanda kuka tashi tare. Kullum da safe sai ya biyo ta wurin aikinka ya ce, “Haliru, har yau ba ka koyi iyo ba kana yi wa mutane jirgi?” Kai kuma ka ce, “In na koyi iyo wa za shi yarda da jirgina?” Shekara da shekaru magana ɗaya, kuma kullum sai kun yi dariya kamar yau aka fara ta. Tun ranar Talata Cindo ya canza hanya, ta bayan masallaci yake sauka gulbi.

To, ga abin da ya kai ka kotu.

Mu mutanen bakin iyaka ne. Madekali, da ke cikin Benin, ta fi mana kusa da Bagudo. A can ka auro Inna Rahmatu. Da cikinta na fari ya tsufa, ta koma gidan iyayenta haihuwa da wankan jego, kamar yadda kowace mai haihuwar fari take yi. Ba wanda ya yi tunanin cewa ƙasa ta bari. A asibitin can ta haihu, a can aka rubuta haihuwar bayan suna, aka ba ku takarda. Ranar suna ka sa wa jaririyar sunan mahaifiyarka, Asama'u. Daga ranar kuwa bakinka ya rufe a kan sunan, ta hanya biyu: 'yar fari ce, kuma sunan uwarka ne. Aka yi mata laƙabi da Safina, kowa ya bi. Ni kaɗai a gidan nake kiran sunan kai tsaye, don mai sunan kakata ce, tsakanina da ita wasa ne.

Da aka kai Safina makaranta, hedimasta ya kwafi sunanta daga takardar Madekali, tun kafin ruwa ya cinye ta. Saboda haka duk takardunta na makaranta Asama'u Haliru suke ɗauke da shi, har sakamakon jarrabawarta ta gama sakandare.

Shekara ɗaya bayan ambaliya, masu rajistar lambar ɗan ƙasa suka zo Lolo suka kafa tebur a filin makarantar firamare. Ina nan a layi, bayanku da mutum huɗu. Safina ba ta kai shekarun yi wa kanta rajista ba, kai ne mai magana a kanta. Yaron da ke gaban kwamfuta bai ɗago kai ba ya ce, “Baba, sunan yarinya?” Na ga ka duba hagu, ka duba dama. Dattawan unguwa suna nan, abokan mahaifinka biyu suna zaune a benci suna jiran layinsu. Ka sunkuyar da kai ka ce, “Safina.” Ita kuma ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe. Yarinyar da ka tarbiyyantar ba za ta gyara maganar ubanta a gaban mutane ba. Ni ma na ji, ban gyara ba. Na ɗauka suna ai suna ne, duk wanda aka kira ta da shi za ta amsa. Aka ɗauki hotonta da yatsunta, muka dawo gida muna murna an gama da wuri.

Sai bara, da ta je rajistar jarrabawar shiga makarantar gaba. Burinta aikin jinya, tun tana ƙarama take bin ungozomar unguwa tana riƙe mata jaka. Mai rajistar ya sa lambarta, suna ya fito Safina. Ya duba takardar sakandare, Asama'u. Ya ce shi ba ya rubuta suna da hannunsa, na'urarsa daga na'urar katin ɗan ƙasa take ɗaukowa, abin da ta ba shi da shi zai yi aiki. Ko ya yi mata rajistar a haka, gaba za a ce mai sakamakon daban, mai jarrabawar daban. A je a gyara can.

Daga nan muka shiga hanya, ni da kai da ledar nan. Ban ƙirga zuwanmu Bagudo ba, amma babur ɗina ya san kowane rami na hanyar. Kuma duk ofishin da muka shiga, in aka zo wurin suna, sai ka taɓa gwiwata ka ce, “Mudassiru, hwaɗa musu.” Ni ne bakinka. Ni nake cewa Asama'u, kai kana duban silin.

A Bagudo muka haɗu da Malam Bunyaminu, ma'aikacin da ke karɓar masu gyaran suna. Ina so a san cewa mutumin kirki ne. Bai taɓa barin ka tsaye ba, kujerarsa yake ba ka. Ya ce kafin a taɓa suna sai an kawo shaidar haihuwa. Muka je ofishin masu rajistar haihuwa, suka tambayi inda aka haife ta, ka ce Madekali. Suka ce to ba su ne da ita ba, a koma inda aka rubuta ta.

Muka tsallaka, har da Inna Rahmatu da Safina, muka wuce Madekali zuwa Malanbil, babban garin yankin, inda ofishin rajistar haihuwarsu yake. Wata mata ce a ofishin, ta gaishe ku da Dendanci, ta tambayi shekara da sunan uwa. Ba ta yi minti biyar ba ta juyo mana da fuskar kwamfutar. Ni na karanta da idona, ga sunan nan, ga naka, ga na Inna Rahmatu, ga ranar haihuwa. Shekara goma sha takwas sunan yana zaune a wurin yana jiranmu. Kawu, ka ce wa matar tunda ga shi nan, ta tura shi Bagudo mana, yadda yara suke tura hoto ta waya. Ta yi murmushi ta ce ba ta da ikon haka. Dokarsu ta hana ta fitar da bayanin mutum zuwa na'urar wata ƙasa sai in hukumomin biyu sun yi yarjejeniya a kai, ita kuma ba a ba ta irin wannan umarni ba. Abin da za ta iya shi ne ta buga mana takarda. Ta buga, da wani tambari mai kusurwa huɗu a ƙasa, baƙi da fari kamar saƙar tabarma. Ta ce duk mai shakka ya haska shi da na'ura, zai ga gaskiya.

Ranar a kan hanyar dawowa har waƙa ka yi a bayan babur. Ban taɓa jin muryarka a waƙa ba sai ranar.

Malam Bunyaminu ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya haska tambarin da wayarsa, wani shafi ya buɗe da Faransanci. Ya ce, “Baba, wallahi na yarda da kai. Takardar nan gaskiya ce.” Sai ya juyo kwamfutarsa ya nuna mana gurbin da ake sa lambar shaidar haihuwa. Ya sa lambar takardar, gurbin ya yi ja. Ya sake sawa, ya sake yin ja. Ya yi mana bayani, ni kuma ga yadda na gane shi. Kowace na'ura akwai waɗanda doka ta yarda ta tambaya, akwai waɗanda ba ta yarda ba. Tasa in an ba ta lamba, sai ta tambayi ta masu rajistar haihuwa na ƙasarmu, in waccan ta ce ta san lambar sai ƙofa ta buɗe. Ta Malanbil kuwa ba ta cikin waɗanda aka ce ta tambaya. Ba wai ta ƙaryata takardar ba ne, ba ta da wanda za ta tambaya.

Ka daɗe kana kallon jan gurbin nan. Sannan ka ce, “Malam, ni ban yi boko ba. Amma katakon da ke zo min daga Kwatano da wanda ke zowa daga Yawuri, iccensu ba ɗaya ba, ina haɗa su ruwa bai shiga. Ku masu ilimi, mi ya hana ku haɗa ƙarahuna biyu?”

Ya ce, “Baba, haɗawar ba wuya. Izini ne babu. Ni in na tsallake na'ura na rubuta da hannuna, sunana ne zai fito a kai, kuma gobe wani ne a kujerar nan.”

Ya aika da maganar sama, aka ce a jira. Muna jira aka rufe rajistar bara. Safina ta ga ƙawayenta sun shiga mota zuwa jarrabawa, ta shiga ɗaki ta ninke littattafanta ta sa a ƙarƙashin gado.

Abin da ke ɗaure mini kai har yau shi ne, in na tsaya a bakin gulbinmu, wayata da kanta take kama sabis ɗin Benin ta aiko mini da saƙon maraba, ba wanda ya roƙe ta. Shinkafa tana tsallakawa, amare suna tsallakawa, gawa ma ana tsallakawa da ita a binne ta wurin danginta. Suna ɗaya mai harafi kaɗan ya kasa tsallakowa. Wani lokaci mukan ji a rediyo wai manyan ƙasashen yankin nan sun zauna a kan yadda na'urorinsu za su riƙa fahimtar juna. Kai sai ka matso da rediyon kusa da kunne. Cindo kuma ya ce, “Kahin su ƙare zaman ga Safina ta yi jikoki.”

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. A gindin bishiyar da ke gaban ofishin Malam Bunyaminu akwai wani mai cike wa mutane fom, ana ce masa Ango. Ya ga zaryarmu ta yi yawa, wata rana ya kira mu ya ce, “Baba, kana wahal da kanka a banza. Wa ya aike ka ka ce Madekali? Ka shiga kotu ka yi rantsuwa a Lolo aka haife ta, a ɗakin uwarta. Da takardar rantsuwar za a ba ka shaidar haihuwa ta nan, lamba ta hau, kwana kaɗan an gama. Rabin yaran bakin iyaka haka aka yi musu.”

Ka ce, “Da mi ake rantsuwar?”

Ya ce, “Da Alƙur'ani mana. Ai ɗan taɓawa ne.”

Ka tashi ka kakkaɓe rigarka ka ce, “Mudassiru, mu tahi.”

A hanya na tsayar da babur a ƙarƙashin wata tsamiya na yi maka maganar da ban taɓa yi maka irinta ba. Na ce Lolo da Madekali ai gari ɗaya ne, Turawa ne suka ja layi. Na ce Allah Ya san niyyarka. Na ce kunyarka ce ta jefa yarinyar nan a ciki, yanzu kuma gaskiyarka za ta hana ta fita. Da na faɗi wannan na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, “Gaskiya taka, ni na ɓata. Amma in na gyara ɓarnata da rantsuwar ƙarya, karatun da za ta yi bisa mi ya tsaya? Duk majinyacin da ta taɓa, da hannun nan nawa ta taɓa shi.” Muka hau muka ci gaba har Lolo. Kawu, ban nemi gafararka a kan maganar nan ba. Kullum ina cewa sai an gama in nema.

Bana da aka buɗe rajista, Malam Bunyaminu ya kira ni a waya. Ya ce an nuna masa wata hanya, bai yi alkawarin za ta ɓulle ba, amma a gwada. Uba ya je kotu da kansa ya yi rantsuwa ta gaskiya, cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ya faɗi inda aka haife ta yadda yake, a haɗa da takardar Malanbil a aika sama, mutum ya duba da ido ba na'ura ba. Muka je muka tambayi magatakardan kotu yadda ake yi. Ka taɓa gwiwata kamar kullum. Magatakardan ya ce a'a, rantsuwa ba a yin ta da bakin aro, mai rantsuwa shi zai faɗi sunan da bakinsa a gaban alƙali. Ya sa mana ranar Talata.

Kwana biyar ka yi kana aiki ba ka cika magana ba. Inna Rahmatu ta ce ta sha ganin leɓunanka suna motsi kana fere katako, ta ɗauka tasbihi ne.

Ranar Talata da na iso, Cindo yana nan, don ya zo yi maka rakiya zuwa bakin hanya. Malam Abbas limaminmu ya biyo daga masallaci ya tsaya ku gaisa. Safina ta karɓo maka koko daga rumfar Ummu Salma tana tahowa da kofin a hannu biyu. Sai ka ce wa Cindo, “Bari in gwada bakina tun nan, kar in je gaban alƙali halshe shi ƙiya.”

Cindo ya ce, “Gwada mu ji, in ka suma ga gulbi kusa.”

Ba ka yi dariya ba. Ba ka dubi yarinyar ba, gulbi ka duba. Ka ce, “Asama'u.”

Ta tsaya cak. Kokon ya zubo mata a yatsa, ba ta ko motsa ba. Shekararta goma sha tara ba ta taɓa jin sunan daga bakinka ba. Can ta ce, “Na'am, Baba.”

Ka ce, “Wagga ɗiya tawa ta. Sunanta Asama'u, sunan uwata. Madekali anka haihe ta, gidan kakanninta. Ita ta Safina, ba wata ba. Ni na ba da sunan da ba shi ba, don kunya.” Sai ka juyo ka dube ta ka ce, “Kawo kokon, Inna, kar shi huce.” Ka sha rabi, ka miƙa mata kofin, ka ɗauki ledarka. Abin da ya biyo baya na riga na faɗa.

Bayan addu'ar uku na koma Bagudo ni kaɗai. Malam Bunyaminu ya tashi tsaye ya yi mini ta'aziyya, idonsa ya kawo ruwa. Na ba shi labarin abin da ka faɗa da waɗanda suka ji. Ya ce ya yarda, amma ba a gaban alƙali aka faɗa ba, babu gurbin da zai sa shi. Yanzu tunda uban ya rasu, sai an kawo shaidar rasuwarsa daga wani ofishin, sannan a ga wanda doka ta yarda ya tsaya a madadinsa, sannan a sake neman rana a kotu, sannan a aika sama. Na tambaye shi kwana nawa. Ya duba kalandar bango. An ce farkon azumi za a rufe rajistar bana.

Da na fito, Ango ya yi mini gaisuwa, ya rage murya ya ce hanyarsa tana nan, yanzu ma ta fi sauƙi, yarinyar ta kai shekarun da za ta rantse da kanta. Ba zan ɓoye ba, na kawo maganar gida. Na sami Safina tana wanke kwanukan masu zaman makoki na faɗa mata. Ba ta ɗago ba ta ce, “Yaya Mudassiru, abin da Baba ya ƙi taɓa Alƙur'ani a kai, ni zan je in taɓa?” Na san shekara ta biyu ce za ta wuce ta, na san gidan yanzu babu mai fere katako, kuma ban san ko baɗi za ta sami sararin zama da littafi ba. Ledar tana rataye a ɗakina. Gobe zan je neman shaidar rasuwar, don ban san wani abin da zan yi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Haliru ya zo maKa. Kai ba Ka bukatar takarda kafin Ka san shi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya tsamo bayinKa daga ruwa, Ka tsallakar da shi siraɗi cikin aminci. Ka sa tsoron da ya ji na rantsuwa da littafinKa a kan ƙarya ya zame masa inuwa ranar da babu inuwa sai taKa. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa da ya girmama sunanta har ƙarshen ransa. Kawu, ka yafe mini maganar gindin tsamiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rahmatu, Allah Ya ba ki haƙuri Ya tsaya miki. Ga ƙanwata Asama'u da ƙannenta, Allah Ya raya ku Ya buɗe muku inda mu muka kasa. Ga mahaifiyata da ta rasa ɗan'uwa, ga surukansa na Madekali da suka tsallako tun kafin a yi sutura, ga masunta da masu jiragen Lolo baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ban sani ba ko wata rana za a yi dokar da za ta ba wa maganar da ya yi a bakin gulbi gurbi. In an yi, kuma in akwai mai tambaya, ba ni kaɗai na ji ba. Cindo masunci yana tsaye a damansa. Malam Abbas liman yana riƙe da hannunsa na gaisuwa bai saki ba. Ummu Salma ta ji daga rumfarta, har ta ajiye ludayi. Inna Rahmatu ta ji daga bayan zana. Sai ni, Mudassiru ɗan ƙanwarsa, da mai sunan, wadda ta amsa.